Tsutsar da ta raya mini 'ya'yan kifi a Aboabo

Sau uku kifin faɗan da nake kiwo yana ƙyanƙyashe 'ya'ya, sau uku ina kwashe gawarsu da siririn tiyo. Wanda bai taɓa kiwon kifin ado ba zai ce mene ne abin damuwa a kan halittar da ko rabin ƙwayar shinkafa ba ta kai ba. Ni dai na san yadda gabana ya faɗi a karo na uku, da na dawo daga sallar asuba na haska fitilar waya, na tarar ƙasan tankin ya yi fari-fari da su, alhali da daddare na bar su suna iyo. Na zauna a bakin keken ɗinki na kasa taka shi. Hadisin matar nan da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, shi ya dinga dawo mini. Ni na sa su cikin gilashi. Idan yunwa ce ta kashe su, alhakin a wuyana yake.

Ni tela ne. Shagona yana ƙofar gidan da muke haya a Aboabo, nan Kumasi, gida irin na Zango: ɗakuna a jere, famfo ɗaya, tsakar gida ɗaya, abin da ka ɗora a wuta kowa ya ji ƙanshinsa. Ɗiyata ce ta jawo ni cikin harkar. Mun shiga Adum sayen zare da maɓallai, ta hango wani jan kifi cikin kwalba, jelarsa ta bazu kamar bakin mayafi, ta kafe a wurin. Na saya mata. Bayan wata biyu na ƙaro mace, na sa mai gilashi ya haɗa mini tanki.

Kifin nan, wanda masu sayarwa ke kira faita, asalinsa daga Tailan ne da ƙasashen da ke kewaye da ita, cikin ruwan fadamun shinkafa mai ɗumi, shi ya sa yanayinmu ya karɓe shi ba tare da na'urar ɗumama ruwa ba. Namijin ne ke reno. Yakan hura kumfa a saman ruwa ta taru wuri ɗaya, ya naɗe macen da jikinsa ta zubar da ƙwai, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tsincewa da baki yana tofawa cikin kumfar. Kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi sai su ƙyanƙyashe, ka gan su a rataye, jela ƙasa, kamar allurai a jikin matashin tela. Kwana biyu ko uku suna rayuwa da ɗan guzurin gwaiduwar da ke cikinsu. Ranar da suka fara iyo a kwance guzuri ya ƙare ke nan, wahalar mai kiwo kuma ta fara, domin bakinsu bai kai kan allura ba, kuma abin da ba ya motsi ba su ɗauke shi abinci ba.

Karon farko na murje busasshen abincin kifi ya zama gari na barbaɗa musu. Ko kallo bai ishe su ba, ya nutse ya ruɓe. Karo na biyu aka ce in dafa ƙwai in dama gwaiduwar. Sun ɗan taɓa, amma kafin kwana biyu ruwan ya koma kamar ruwan wankin shinkafa, yana wari. Karo na uku na haɗa biyun ina canza ruwa kullum, duk da haka ba su cika mako ba. Tsakanin haka na yi kuskuren da ya fi waɗannan muni. Wani yaro ya nuna mini jajayen tsutsotsi cikin lakar babbar kwatar da ta ratsa unguwa, ya ce su ake ba manyan kifi. Na wanke su sau biyar na ba su, suka ci kamar ba gobe. Duk mutumin Aboabo ya san abin da ke gangarawa cikin kwatar nan, ni ma na sani, amma na runtse ido. Bayan 'yan kwanaki cikin macen ya kumbura, ɓawon jikinta ya miƙe tsaye kamar bayan abarba, ta mutu. Tun daga ranar ban ƙara ɗebo komai daga kwata ba, kuma duk wanda ya nemi shawarata ina hana shi. Wanki ba ya fitar da abin da ke cikin hanjin tsutsa.

Akwai ƙwan wasu ƙananan jatan lande na ruwan gishiri, Artemia, da ake shigowa da shi cikin gwangwani, wanda masu kiwo suka yarda babu kamarsa ga jariran kifi. Amma kuɗinsa dala yake bi, ba sidi ba, kuma ƙyanƙyashe shi sai famfon iska ya yini ya kwana yana aiki. Mu da muka ga dumso, wato yawan ɗauke wutar da aka sha a Gana a 2015, kuma har yau wuta kan ɗauke ba sallama, na san ba zan rataya ran kifina a wayar lantarki ba. Abin da zai rayu ko da wuta ko babu nake nema.

Mai shagon da nake sayen abincin kifi ne ya ce in je Zangon Tafo in nemi wani dattijo, boga ne, irin mutanenmu da suka yi zama a Hambug ta Jamus suka dawo gida. Na hau toroto, motar haya, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na same shi a barandar bayan gida, tankuna sun fi goma a kan katako, ƙarƙashinsu robobi masu murfi a jere, kowacce da kwanan wata a rubuce. Bayan gaisuwa na kwashe labarina kaf na faɗa masa. Bai katse ni ba har na gama.

"Ɗana, daga ƙarshe ka fara," in ji shi. "Ka ɗaura aure ba ka tanadi hatsi ba. Mu sai tsutsa ta kama tukuna muke haɗa mace da namiji."

"Alhaji, wace irin tsutsa ce za ta shiga bakinsu?"

Ya jawo roba ɗaya ya buɗe. Warin tsami ya bugo ni, irin na ƙullun da ya kwana. Da farko ban ga komai ba sai wani abu kamar kunun da ya huce. Ya ce in karkatar da ita wajen haske. Sai na ga saman kunun yana ƙyalli yana rawa, kamar yadda kwalta ke yi da tsakar rana, jikin robar ta ciki kuma ya yi wani farin dasashi har kusa da murfi. Ya sa yatsa ya shafo farin nan ya tsoma cikin kofin gilashi mai ruwa. Ga su nan ba su ƙirguwa, suna murɗa jiki suna sauka ƙasa a hankali. Na daɗe riƙe da kofin ban ce komai ba.

Sunanta a wurin masana Panagrellus redivivus. Tsawonta daga rabin milimita zuwa milimita 2, kaurinta kamar na siririn gashi. Ba ƙwai take zubarwa ba, 'ya'ya take haifa da ransu, 10 zuwa 40 kusan kullum, su kuma cikin kwana 3 sun isa haihuwa, sannan takan rayu kwana 20 zuwa 25. Lissafa wannan ka ga dalilin da cokali ɗaya ke cika roba cikin mako. Abincinta yis ne da ƙananan ƙwayoyin da ke tsirowa cikin abin da ya yi tsami, kuma tun da daɗewa aka san ta cikin kunun fulawar da ake manna littattafai da shi. Ba ta kama mutum, ba dangin cutar tsutsar ciki take kawowa ba. Alhaji ya ɗebo mini cokali guda cikin 'yar roba. Na ciro kuɗi, ya ture hannuna.

"Ba a sayar da iri. Ranar da tawa ta mutu, wurinka zan aiko."

Ya ce in dama mata Quaker Oats. A cikin mota na yi tunanin ga koko a ƙofar ɗakina kullum safiya, Mma da ke gidanmu shi take sayarwa da ƙosai tun kafin in yi aure, me zai kai ni kanti? Na zuba kokon a roba, na sa rabin irin, na danne murfi gam don kada wari ya fita. Kwana uku murfin ya kumburo, na buɗe, saman ya kwanta shiru, babu ƙyalli babu rawa. Laifi uku na yi a lokaci ɗaya: kokon ya yi ruwa sun nutse, na hana su iska, ga kuma yaji. Da na faɗa wa Mma sai ta ajiye ludayi.

"Ɗan nan, ai kokona tun daga inji ake niƙa shi da citta da barkono da kanumfari. In farin ƙullu kake so, ka faɗa in ware maka kafin a zuba yaji."

Allah ya taimake ni rabin irin yana nan cikin 'yar robar Alhaji, da shi na sake farawa. Ga yadda na zauna a kai bayan gwaje-gwaje. Ina damawa da kauri, kamar tuwon da bai gama ɗaurewa ba, wanda in ka karkatar da roba zai motsa amma ba zai zubo ba. Ba sukari, ba gishiri, ba madara. In bar shi ya huce sarai, domin ɗumin da hannu zai jure ya isa ya kashe su. In shimfiɗa shi cikin wankakkiyar robar bota, kaurin yatsa ɗaya kawai, tunda a sama suke zama inda iska take, zurfi ba ya ƙara komai sai saurin ruɓewa. In barbaɗa yis ɗin burodi, ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, in ɗora cokalin tsohon iri a tsakiya ba tare da na gauraya ba. Murfin ina huda shi da allura mai zafi wuri biyar ko shida, in manna ƙyallen farin yadi mai matsattsen saƙa a kai, wanda dama shi ne abin da ba ya yanke wa tela. Ƙyallen nan yana da muhimmanci, don ƙananan ƙudajen da ke bin ayaba suna jin tsamin daga nesa, in suka sami ƙofa suka yi ƙwai, roba ta tashi daga aiki. Kwana uku zuwa biyar za ka ga sun fara hawa bango.

Na gwada farin ƙullun gero, na gwada na masara, na gwada ots zalla, har burodin da aka jiƙa. Ƙullu yana saurin kamawa saboda dama da tsaminsa, amma a zafinmu mako guda ya tsinke ya zama ruwa. Ots ya fi jinkiri, ya fi kuma daɗewa. Yanzu kashi biyu na ots nake haɗawa da kashi ɗaya na ƙullun masara. Hanci shi ne ma'aunina: muddin warin irin na furar da ta kwana ne, lafiya lau. Da zarar launin ya koma ruwan ƙasa, wari ya fara zama na ruɓa, to a ɗebi iri daga sama a gudu da shi sabuwar roba, ba a jira gobe.

Warin nan ya so ya jawo mini magana a gida, domin yis in ya yi aiki yakan tashi da wani tsami mai kama da na pito, giyar nan ta dawa. Wani dare maiɗakina ta zaunar da ni.

"Maigida, gidan haya muke. Mutane za su zaci wani abu ake dafawa a ɗakin nan. Kuma da hannun nan kake taɓa kayan da mutane za su yi salla da su."

Gaskiya ta faɗa, ban yi musu ba. Na je na sami limamin masallacinmu na yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce a mazhabar Malikiyya duk abu mai rai tsarkakakke ne, tsutsa ma haka, sai dai in kiyaye tsabta kada in cutar da maƙwabta. Na mayar da robobin kan wani katako a bayan shago, na daina sa yatsa, na koma shafo su da gashin kaza. Sannan na kira Mma da sauran matan gida na karkatar musu da roba a rana suka gani da idonsu. Yaran gidan ne suka raɗa mata suna tsutsar koko, kuma sunan ya bi ta har yau.

Sai da robobi uku suka kama sannan na sayo sabuwar mace. Wannan karon na jefa busasshen ganyen bishiyar nan da Asantawa ke kira abrofo nkate cikin tankin tun mako guda kafin haɗi. Yana rina ruwa kamar shayi, kuma yayin da yake laushi wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suna yaɗuwa a jikinsa, su ne abincin jariran na kwana biyun farko, lokacin da wasunsu ko tsutsar koko ta yi musu girma. Da suka fara iyo na cire uban. Rana ta uku na shafo tsutsa da gashin kaza, na ɗauraye ta cikin kofin ruwan da ya kwana, don ruwan famfo yana ɗauke da kulorin, na bari ta kwanta, na tsiyaye na sama, na ɗiga kaɗan a kusurwar tanki.

Na durƙusa, goshina a jikin gilashi. Wani ɗan mitsitsi, ido biyu da jela kawai, ya tsaya cak a gaban wata tsutsa da ke murɗawa. Ya lanƙwasa jikinsa kamar baka. Ya daɗe a haka, sai ya harba. Rabinta ta shige, rabi tana waje tana kaɗawa, shi kuma yana ja da baya yana haɗiya. Kafin rabin awa duk inda na haska sai in ga ƙananan cikkuna sun yi fari sun yi tulu-tulu. Na kira ɗiyata, na kira uwarta, muka jeru a ƙasa mu uku. Ban san lokacin da na ce alhamdu lillahi da ƙarfi ba.

Sau uku a rana nake ba su, kaɗan-kaɗan. Tsutsar nan nutsewa take yi, kuma ba ta cika kwana guda da rai cikin ruwa ba, saboda haka kowace yamma ina zuƙe dattin ƙasa da tiyo in mayar da ruwan da ya kwana, ina duba bokitin kafin in zubar ko wani ya biyo. Masu kiwo suna cewa jariran da suka daɗe suna kiwo a ƙasa mai datti kan tashi babu ƙananan fikafikan ƙirji, don haka ban yi wasa da sharar ba. Na kuma rufe saman tankin da gilashi, domin kifin faɗa yana da wata gaɓa a kansa da yake shaƙar iska kai tsaye da ita, tana haɗuwa ne cikin makonnin farko, busasshiyar iskar hunturu kuma ba ta yi musu kyau a lokacin. Sittin da 'yan kai suka rayu daga wannan haihuwar.

Bayan mako uku tsutsar koko ta yi musu kaɗan, kamar a ba ƙato kunun jariri. Nan na koma Tafo. Ni idona yana kan babbar farar tsutsa, Enchytraeus albidus, mai tsawon santimita 2 zuwa 3, wadda na ga Turawa suna yabo. Alhaji ya ce ba ta ƙasarmu ba ce, sanyin ƙasa da digiri 20 a ma'aunin Salshiyos take so, sai dai a firji. Ban ji ba, na sa aka kawo mini daga wurin wani a Akara cikin watan Fabrairu. Ba ta yi mako ba ta narke. Yawancin abin da ake rubutawa kan kiwon nan mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta don ɗakunansu, wanda ya kwafa bai duba rufin kwanon da ke kansa ba zai yi asara.

Wadda ta dace da mu ita ce ƙanwarta, Girindal, Enchytraeus buchholzi. Sunan wata mata 'yar Suwidin mai kiwon kifi aka sa mata, wadda ta fara ware ta tana kiwonta. Dangin tana ce, fara, tsawonta kamar santimita 1, in ka gan su a tare sai ka rantse guntayen farin zare ne da ke taruwa ƙarƙashin keke. Ita ba kunu take so ba, damshin ƙasa take so, kuma abin da ya fi yi mini aiki shi ne ɓawon kwakwa. Masu sayar da kwakwa a bakin kasuwar Kejetia tuli suke zubarwa, amma ɗanye kore ba ya yi, sai busasshe mai ruwan ƙasa. Ina dukansa da taɓarya in tsettsefe, in yayyanka da almakashi, in jiƙa kwana uku ko huɗu ina canza ruwa har ya daina fita ja. Sannan in kwarara masa tafasasshen ruwa don kashe duk wani ƙwaro, in bari ya huce, in matse a tafin hannu har sai ɗigo ɗaya ko biyu ne ke fita. In zuba a faffaɗar roba kaurin yatsu uku, in sa iri, in barbaɗa garin ots kaɗan a sama, in yayyafa ruwa, in ɗora guntun gilashi a kai. Duhu suke so. Da safe in ka ɗaga gilashin za ka tarar sun manne a jikinsa, sai ka tsoma shi cikin kofi su zube, babu ƙasa babu datti. Ƙa'idar abincinsu ɗaya ce: abin da za su cinye kafin gobe. In ya kwana biyu ya yi hunhuna, ka yi yawa. Lafiyayyar roba ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko take yi.

Sai dai ita ma tana da iyaka. In zafi ya haura digiri 27 haihuwarta takan ja baya, bayan shagona kuwa a Fabrairu da Maris ma'aunin zafina kan wuce 30 da rana. Na rasa yadda zan yi, har wata rana na sha ruwan randar Mma da azahar na ji sanyinsa har haƙori. Sai na tuna da Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa, wanda ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya don adana kayan miya, har ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000. Na je Pankrono, inda aka san su da ginin tukwane, ba nisa da Tafo, na sayo babba da ƙarama. Na cika tsakaninsu da yashi, na jiƙa shi, na jera robobin Girindal a ciki, na rufe da jiƙaƙƙen buhu. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tukunya yana bushewa, shi ke tafiya da zafin. Dole in faɗi gaskiya, a Jigawa iska busasshiya ce shi ya sa abin ke aiki sosai, Kumasi kuwa garin damshi ne. Da hunturu sanyin cikin tukunyar yana da yawa, amma lokacin da zafi ya haɗu da gumi digiri biyu ko uku kawai nake samu. To waɗannan biyu ko ukun su suka riƙe mini tsutsar har ruwan Afrilu ya sauka.

Kiyashi ma ya gwada ni. Na ɗora tukunyar a kan bulo cikin faranti mai ruwa, ina ɗiga ruwan sabulu a ciki ina canzawa duk kwana biyu, don kada in yi maganin kiyashi in buɗe wa sauro gida. Saboda wannan dalilin ne ma na ƙi kiwon 'ya'yan sauro duk da kifi na son su ƙwarai. Gidan da ke da jarirai da tsofaffi, ba zan tara abin da zai kawo zazzaɓi ba don kifi. Akwai kuma wasu ƙwari ƙanana, sun fi ƙwarƙwata ƙanƙanta, masu mamaye abincin Girindal. In sun yi yawa ina cika robar da ruwa, su sai su taso sama in tsiyaye su, tsutsar kuma ta dunƙule a ƙasa in kwashe ta zuwa sabon ɓawo.

Babbar asarata ta zo ne da azumin 2024, wanda ya faɗo cikin Maris da farkon Afrilu, tsakiyar zafi. Duk tela ya san goman ƙarshe: ɗinkin salla ya taru, ana kwana a kan keke, ba ka sanin Litinin daga Alhamis. Kifin ina jefa musu busasshen abinci a tsaitsaye, robobi kuwa na manta da su sam. Washegarin salla na buɗe na tsutsar koko, duka ukun sun yi baƙi, domin rana ɗaya na dama su, rana ɗaya kuma suka mutu. Yashin tukunya ya bushe ƙamas, Girindal saura 'yan kaɗan a can ƙasa. Ina tsaye ina tunanin da wane ido zan kalli Alhaji, sai ɗiyata ta ce, "Baba, akwai tawa a gidan Kaka." Ashe tun watanni ta ɗebi cokali ta kai Asawase, tana sabunta ta duk ranar da ta je, don ta nuna wa 'yan uwanta. Muka tafi tare a ranar. Robar tana ƙarƙashin gadon mahaifiyata, bangonta fari tas.

Tun daga nan ba na dama robobi rana ɗaya. Uku nake riƙewa masu kwanaki daban-daban, ina rubuta ranar kowacce da allin tela a murfi, duk Juma'a in zubar da babbar in dama sabuwa, ɗaya kuma tana zaune a Asawase. Na ƙara da kiwon tana cikin tsohon baho, irin babbar nan ta ƙasashenmu, Eudrilus eugeniae, wadda zafi bai dame ta ba, ina ba ta ɓawon ayaba da jiƙaƙƙen kwali. Ita ta manyan kifi ce, kuma sai ta kwana cikin jiƙaƙƙiyar takarda ta fitar da ƙasar cikinta kafin in yanka musu.

Bayan babbar salla ta shekarar, ina cikin yanka wani yadi, sai ga wani saurayi ya yi sallama riƙe da 'yar roba wankakkiya. Ya ce jikan Alhajin Tafo ne. Alhaji ya dawo daga aikin Hajji ya tarar yaran da ya bar wa amana sun kula da kifi amma sun manta da robobi, ko ɗaya ba ta tsira ba. Na ajiye almakashi. Na ce ya zauna ya sha ruwa, ba shi zai kai ba, tare za mu tafi, dama ina da barka da sauka a wuyana. Na ɗebi tsutsar koko daga robar tsakiya, na yanki ɓawon Girindal mai yawa, na naɗe su cikin jiƙaƙƙen ƙyalle saboda zafin mota.

Na same shi a barandar nan, ya rame kaɗan, yana tarin da alhazai kan dawo da shi. Bayan na yi masa barka ya ba ni dabino da zamzam, sai ya karɓi robar ya buɗe ya karkatar da ita wajen haske. Ya shinshina. Ya sake shinshinawa.

"Wannan ba ots zalla ba ne. Da me ka dama, ɗana?"

"Kashi biyu ots, kashi ɗaya ƙullun masara, Alhaji. Ya fi saurin kamawa."

Ya juya ya kira jikan nasa, ya ce ya je wurin mai koko ta bakin layi ya karɓo farin ƙullu tun ba ta zuba yaji ba, ya kuma ɗora ruwa a wuta.